Nauyin Dirhamin Hajo

A unguwar da ke bayan layin dogo a Funtua, in ka ce Hajo mai maganin ƙirji, ko yaro zai nuna maka gidan. Ba 'yar garin ba ce. An haife ta a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi, a gidan manoman dawa da auduga, aure ne ya kawo ta Funtua. Ta zo da tukwane da tabarmi kamar kowace amarya, ta kuma zo da sana'ar da ta koya a ɗakin uwarta.

Magani ɗaya tak ta iya, na tarin da ya ƙi tafiya da numfashin da ke sarƙewa. Ganyaye ne kala huɗu, a shanya su a inuwa, a daka, a tankaɗe. Waɗannan da hannu ake ɗiba, ko an ƙara ko an rage babu laifi. Sai kuma saiwar sanya, mai ƙanshin nan da ke hawa kai. Ita ce ƙarfin maganin, ita ce kuma abin tsoronsa. Idan ta yi kaɗan, garin banza aka ba mutum. Idan ta yi yawa, sai amai da murɗar ciki, tsofaffi ma suna cewa tana kisa. Don haka ita ba a ɗibar ta da ido, auna ta ake yi da dirhami.

Dirhamin wata 'yar azurfa ce da faɗinta bai wuce marfin kwalba ba. Ta sha hannu har rubutun larabcin da ke jikinta ya kusa shafewa, an huda ta a gefe an zura mata zare. Ma'aunin kuwa sakaina biyu ne da aka sassaƙe su daidai da juna, aka rataye a tsinke. A sa dirhami a ɗaya, a riƙa barbaɗa garin saiwa a ɗaya har su tsaya kai ɗaya, sannan a juye a cikin ƙoƙo guda na garin ganye. Ranar da uwarta ta rataya mata shi a wuya, abu ɗaya ta gaya mata:

"Kada ki taɓa yarda da hannunki a kan saiwar nan. Ko sau dubu kika haɗa, ki auna."

Hajo ta riƙe maganar. Fiye da shekara talatin ba ta taɓa ɗibar saiwar da ka ba, ba ta kuma taɓa tambayar kanta nawa ne nauyin abin da ke wuyanta ba. Yana nan, me za ta tambaya?

Cikin masu shan maganin, babu wanda ya kai mijinta, Malam Jibril. Ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a wani kamfanin gurzar auduga, yana tura auduga bakin inji, ya dawo gida fari fat har gashin ido. Da girma ya fara kama shi sai ƙirji ya toshe. An kai shi asibiti, an ba shi abin shaƙa, kuma yana taimakonsa idan abin ya taso. Amma shi a ganinsa abin da ke riƙe da shi shi ne ɗan garin da Hajo ke barbaɗa masa a kunu da safe. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah ne masani. Shi dai ya yarda, ita ma ta yarda, kuma da wannan yarda suka aurar da 'ya'ya har suka fara ganin jikoki.

Wata rana da damina Hajo ta je ta'aziyya Malumfashi. A hanyar dawowa, rana tsaka, 'yan bindiga suka fito daga cikin masara a kan babura suka tare motar. Aka fito da kowa, aka kwantar da su a gefen titi. Suka kwashe wayoyi, suka cire wa mata 'yan kunne. Wani daga cikinsu ya hango zare a wuyan Hajo, ya sa wuƙa ya tsinke.

"Ɗan nan, ba kuɗi ba ne," in ji ta, bakinta a ƙasa. "Wallahi ba ya sayen komai. Na magani ne."

Ko kallonta bai yi ba. Ya jefa a aljihu, suka tisa ƙeyar maza biyu suka shiga daji.

Ta iso gida da ƙafarta, unguwa ta cika ana yi mata barka. Ita ma hamdala take ta yi. Ta ji kunyar ta buɗe baki ta ce an ƙwace mata wata tsohuwar azurfa, alhali ga gidaje biyu ana kukan mutane. Sai da gida ya watse ta gaya wa Malam Jibril. Ya tambaye ta ko da sauran wanda ta haɗa. Ta ce akwai rabin gwangwani.

Ta daina sayar wa kowa, ta ajiye masa shi kaɗai. Duk da haka gwangwanin bai daɗe ba ya fara nuna gindi.

'Yarsu Raudatu, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ita ce ta fara kawo shawara.

"Umma, ai yanzu babu abin da ba a san giram ɗinsa ba. Dirhami sananne ne, yana cikin littattafai. Mu gano nauyinsa, mu sayi ƙaramin sikeli, shi ke nan."

Ta ciro waya ta duba. Ta daɗe tana dubawa, fuskarta na sauyawa. Wani wuri ya ce kaza, wani ya ce kaza, babu biyu da suka zo daidai. Ta ce gara su je wurin Malam Ubaidullahi, wanda ke karantar da fiƙihu a unguwar, mutane ke zuwa tambayarsa lissafin zakka da mafi ƙarancin sadaki.

Suka same shi a zaure bayan la'asar. Ya saurari Hajo har ta gama, bai katse ta ba.

"Hajiya, abin da na sani zan gaya miki," in ji shi. "Nisabin azurfa dirhami ɗari biyu ne. Yawancin malaman zamani sun mayar da shi giram ɗari biyar da casa'in da biyar. Idan aka raba, dirhami ɗaya giram uku ne saura ɗan kaɗan. Wasu kuma sun ce ya ɗara uku. Magabata da ƙwayar sha'ir suke aunawa, ƙwaya hamsin da 'yan kai."

"To wanne zan ɗauka, Malam?"

"Nan ne wuyar. Wannan dirhamin shari'a ne, na lissafi. Naki ban taɓa ganinsa ba. Sarakuna da yawa sun buga dirhami a ƙasashe da zamani daban-daban, kowa da nasa nauyin. A zakka, idan muka yi shakka, sai mu ɗauki abin da ya fi amfanar mabuƙata, ba a yi asara ba. A magani kuwa ban san abin da ake yi da shakka ba. Ina tsoron in faɗa miki lamba ki dogara da ni."

Ta yi godiya. A hanya Raudatu ta ce bambancin ai ba shi da yawa. Hajo ta ce ita ba ta san yawa ko kaɗan a giram ba, ta dai san uwarta takan mayar da ɗan abin da bai fi ƙwayar gero ba idan sakaina ta rinjaya.

Sha'ir babu shi a kasuwar Funtua, ta zagaya rumfunan hatsi kaf. Wani ya ce mata alkama ai 'yar'uwarsa ce. Ta sayi 'yar kaɗan a wuri biyu, ta zauna ta ƙirga hamsin-hamsin ta ƙulle a leda. Da su suka tafi shagon Alhaji Talha, mai sayar da zinariya da azurfa, domin shi ke da irin sikelin nan mai nuna lamba, wanda ko numfashi ka yi a kansa sai ya motsa.

Alhaji Talha mutum ne mai raha. Ya zuba ƙullin farko, sikeli ya nuna giram biyu da ɗan ɗori. Ya zuba na biyu, bai ma kai biyu ba.

"Kin gani ko, Hajiya? Gonar wani ta fi ta wani taki. Bar batun ƙwaya. Bari in nuna miki wani abu."

Ya janyo wani gwangwani daga ƙarƙashin teburi ya zazzage. Tsofaffin kuɗi ne da mutane ke kawo masa: sule, dala, kwabo mai huji, da liyari mai kan mace. Hajo ta sa yatsa tana juya su ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ta ga ɗan'uwan nata. Babu. Sule ya fi shi kauri, sikeli ya ba shi giram biyar da rabi da wani abu. Liyari kuwa ba a maganarsa, ya kai ashirin da takwas.

"To mu gwada hannunki," in ji shi.

Ya yanko guntayen azurfa uku, ya auna kowanne, ya ce ta rufe ido. Ya ɗora mata na farko a tafin hannu. Ta jinjina, ta ce kamar shi. Ya ɗora na biyu. Ta daɗe, ta ce wannan ma kamar shi. Da ya ɗora na uku sai ta buɗe ido, hawaye na zuba. Abin da ya kwana ya tashi a wuyanta tun tana amarya, yau an ce ta faɗi nauyinsa ta kasa. Ta san sanyinsa a ƙirjinta da asuba, ta san inda ya ɗan lotsa a gefe, amma hannunta bai san komai ba, domin ba ta taɓa barinsa ya koya ba.

Alhaji Talha ya daina raha. Ya mayar da guntayen a hankali.

"Kuma kin ce an huda shi, ya sha hannu har rubutu ya shafe. Ko da mun gano wane sarki ya buga shi, ba mu san abin da ya rage a jikinsa ba. Azurfa tana cinyewa, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Mutum ɗaya ya rage mata a duniya da ya san abin tun kafin a haife ta: Inna Mairo, ƙanwar uwarta, wadda ke zaune a ƙauyensu. Tun ranar da aka tare su Hajo ba ta sake hawa hanyar nan ba. Ta hau, bakinta bai daina addu'a ba, duk inda masara ta matso titi sai ta runtse ido. A Kafur ta sauka ta hau babur zuwa ƙauyen.

Ta tarar da tsohuwar a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube, idanun sun tafi. Bayan gaisuwa da kukan waɗanda suka mutu, Hajo ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Dirhami?" in ji Inna Mairo. "Wane dirhami? Au, kuɗin Gabas kike nufi."

"Kuɗin Gabas, Inna?"

"Haka kakarki ke ce masa. Ai lokacin gidanmu ba a fara salla ba, wa ya san wani dirhami? Wani falke ne ya ba ta, ta yi wa matarsa magani ta warke. Ita ta mayar da shi abin awo. Sunan da kika sani uwarki ce ta sa masa, bayan wani malami ya ga rubutun ya ce ai dirhami ne. Wani malamin kuma da ya sauka gidanmu ya juya shi ya ce a'a, nauyin miskali ne da shi. Har gardama suka yi da kawunki."

"To wa ya fi gaskiya?"

"Ɗiyata, ni ina na sani? Ni daka kawai ake sa ni."

Da Hajo ta dawo, Raudatu ta koma wurin Malam Ubaidullahi ta tambayo miskali. Ya ce giram huɗu da kwata, dirhami goma ne ke daidai da miskali bakwai. Hajo ta sa aka nuna mata a sikelin da Raudatu ta sayo, gari nauyin dirhami a nan, nauyin miskali a nan. Ta dubi tsibin biyu. Ko makaho ya taɓa ya san ba ɗaya ba ne. Ta tafi neman lamba ɗaya, ta dawo da tazarar da ta fi wadda ta tafi da ita.

Gwangwani ya ƙare ana tsakiyar ruwa. Malam Jibril ya koma kwana a jingine da bango, idan ya ja numfashi ana jin ƙarar daga tsakar gida. Ta haɗa masa da mafi ƙarancin abin da aka faɗa, ta ma ɗan rage. Ya sha na kwanaki, ya ce shi bai ji komai ba, ko ƙanshin bai kai ba.

"Ki ƙara, Hajo."

"Malam, in ƙara nawa?"

"Ki kama tsakiya mana. Ba ga ƙarami ga babba ba?"

"Idan na gaskiyar yana ƙasa da ƙaramin fa? An huda shi, ya cinye."

"To ki haɗa babban. Ni zan sha, ba ke ba. Na yafe."

Washegari da safe, bayan an fita da shi zaure shan iska, Hajo ta auna giram huɗu da kwata, ta haɗa, ta dama a kunu ta shanye ita da kanta. Kafin azahar cikinta ya murɗa, ta yini tana amai a bayan ɗaki. Raudatu ta dawo daga makaranta ta same ta kwance a tabarma, ta matsa mata har ta faɗi abin da ta yi.

"Umma, kashe kanki za ki yi? Idan kin mutu wa zai kula da Baba?"

Abin da ya fi damun Hajo shi ne ko wannan wahalar ba ta gaya mata komai ba. Saiwar ce ta yi yawa? Ko don ita ƙirjinta lafiya lau ne? Ko furar da ta sha jiya ce, ko tsoro ne kawai? Ta tashi da jiri ta juye sauran garin a kwata, ta kora da ruwa.

Da Malam Jibril ya ji, bai yi faɗa ba. Ya kira ta, ya ce ta zauna kusa da shi.

"Da kin gaya mini da ban bari ba," in ji shi, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Bar shi. Na daina tambaya."

Ya kuwa daina. Amma kullum da safe idan ta miƙa masa kunu sai ya kai hanci ya shinshina kafin ya sha, ba da niyya ba, sabo ne. Ita kuma sai ta juya baya ta kama wani aiki.

Da abin ya yi tsanani suka kai shi asibiti, aka sa masa robar iska a hanci. Likita ya ja Raudatu gefe ya ce huhun ya gaji, sai dai a riƙa lallaɓawa. Aka sallame shi da magunguna, ya ɗan samu sauƙi har yana fita masallacin ƙofar gida. Ya rasu wata safiya da kaka, lokacin da motocin auduga suka fara shigowa gari, kansa a cinyarta, ta gama ba shi ruwa ke nan.

Bayan an yi addu'ar bakwai Raudatu ta zaunar da ita ta maimaita mata maganar likita, ta ce babu maganin da zai iya tsayar da abin, ko da dirhamin yana nan. Hajo ta gyaɗa kai. Ta san 'yarta ba ƙarya take yi ba, ta san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Sai dai likitan bai taɓa ganin maganin ba, ita kuma ba ta da yadda za ta gwada. Tambayar ta zauna mata haka, babu wanda za ta kai wa.

Da ta fita takaba sai ta kafa tire a ƙofar gida, tana sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. 'Yan unguwa sun san labari, sun daina tambaya. Na nesa ne ba su sani ba. Kwanan baya wata mata ta zo tun daga Danja, da goyo a baya, ta ce mahaifinta ne ke tari tun bara, wani da ya taɓa shan maganin ya kwatanta mata gidan. Hajo ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta gaya mata ta daina haɗawa, su kai shi asibiti kada su ɓata lokaci.

"Mun kai shi, Iya. Sau biyu."

"Ku sake kai shi."

Matar ta ƙi tashi. Ta sauke goyon ta ba shi nono, ta sake roƙo, ta ce ba ta iya komawa ta gaya wa tsohon ta dawo hannu biyu.

"Don Allah, Iya, ko rabi ne ki haɗa mini. Ko rabi."

"Rabin me, 'yar nan?" in ji Hajo.

Suka zauna har inuwar katanga ta bar tabarmar. Daga baya Hajo ta ƙulla mata kuka da daddawa a leda, ta taya ta gyara goyo, ta raka ta bakin titi, ta tsaya har ta samu keke mai zuwa tasha.